Gaba da gabanta: abin da ke kada gwanayen ƙwallon kwando idan sun isa manyan jami'o'i

A kowace shekara, cikin kwalejoji da lise na Nijar da na arewacin Nijeriya, akan samu yaro guda wanda ya ɗara tsaransa tsawo da zafin nama a filin ƙwallon kwando. Mai yiwuwa ɗan wani ƙauye ne na ƙaramar hukumar Ollelewa, wanda karatu ya kai Tanut ko Damagaram. Da zarar ya riƙe ƙwallo sai ƴan kallo su ɗauki sowa, abokai su fara yi masa kirari da sunayen taurarin Amurka, har maganar ta kai kunnen iyaye cewa ɗansu ya kama hanyar arziki. Amma mafi yawan irin waɗannan samari, ko da sun samu tafiya, ba su kai inda aka zata. Tun da akwai iyayen da ke shirye su sayar da bisashe ko hatsin rumbu saboda wannan buri, ya kamata a duba dalilin.

A Amurka, inda wasan ya fi bunƙasa, samari fiye da dubu 500 ne ke buga ƙwallon kwando a makarantun sakandare. Bisa ƙididdigar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, kimanin 1 cikin 100 kaɗai ke samun shiga rukuni na farko, wanda ya ƙunshi jami'o'i sama da 350. Daga nan kuma, babbar gasar ƙwararru ta NBA ƴan wasa 60 ko ƙasa da haka take zaɓa a shekara, daga duniya baki ɗaya. Wannan ƙuncin ƙofa ya shafi ƴaƴan Amurka da suka tashi da filaye masu rufi da masu horaswa tun suna ƙanana, balle yaron da ya koyi wasa a kan siminti mai tsagewa, da ƙwallo ɗaya tsakanin mutum ashirin.

Dalili na farko shi ne tsawon da ya ɗaukaka yaro a lise ba ya bambanta shi da kowa a jami'a. Ɗan kasuwar da ya fi kowa jari a kasuwar Bakin Birji, ranar da ya shiga Kantin Kwari a Kano, sai ya tarar da ɗaruruwan da suka fi shi. Haka yaro mai mita 1,95 yake sarki a ajinsa, alhali a manyan jami'o'i masu irin tsawonsa ana sa su ne cikin masu gudu da rarraba ƙwallo, a bar gindin kwando ga masu mita 2,05 zuwa sama. Abin baƙin ciki, tsawon nan shi ne ya hana shi koyo tun farko. Tun da yana cin kwando ba wahala, babu wanda ya tilasta masa sarrafa ƙwallo da hannun hagu, ko jifa daga nesa, ko tsare abokin gaba da ƙafa. Yaron da ya fi shi gajarta, wanda dole ta sa ya koyi waɗannan, sau da yawa shi ke wuce shi daga baya.

Dalili na biyu, wasan kansa ya sauya. A yawancin sakandaren Amurka minti 32 ake yi, a jami'a kuwa minti 40. Filin ya ƙaru da kusan mita 3. Layin jifa mai maki uku yana nisan mita 6,02 a sakandare, a jami'a kuma mita 6,75 tun shekarar 2019. Sa'annan ga agogo da ke ba ƙungiya sakan 30 kacal ta yi jifa. Bugu da ƙari, masu horaswa suna nazarin hotunan wasan kowane ɗan wasa kafin a haɗu. Wanda dabararsa ɗaya ce, cikin mako biyu kowa ya san ta, an toshe ta.

Dalili na uku yana cikin zuciya. Yaron da ya saba a yi masa tafi, yanzu yana zaune a benci wata da watanni, yana jiran a ba shi minti biyar. Mai horaswa na iya ce masa aikinsa tsaro ne kawai. Ga sanyin ƙanƙara, ga abincin da bai saba da shi ba, ga kewar gida, ga kuma ƴan'uwa da ke jiran aike. Da yawa a nan suke karaya, ba don ƙarfinsu ya gaza ba.

Dalili na huɗu shi ne karatu, wanda masu kirari ba su cika ambato ba. NCAA ba ta yarda ɗalibi ya taka fili a rukuni na farko sai ya kammala darussa 16 da ta ƙayyade a sakandare da sakamako mai kyau, kuma dole ya ci gaba da cin jarrabawa a jami'a. Ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci yana da ƙarin kaya, domin sai ya iya Ingilishi. Wanda ya yi watsi da bak saboda ƙwallo ya rufe wa kansa ƙofar da yake son shiga.

Labarin Masai Ujiri ya isa misali, domin a ƙasar Hausa ya tashi. An haife shi a Ingila a 1970, ya girma a Zariya, inda ya bar tamaula ya kama ƙwallon kwando yana ɗan shekara 13. A can ya samu horo a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya tafi Amurka da babban buri, amma abin da ya samu shi ne wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, jihar Dakota ta Arewa, inda ya yi shekara biyu. Daga nan ya koma wata jami'a a Billings, jihar Montana, ya bar ta bayan zango ɗaya. Bai taka rukuni na farko ba, bai kuma buga NBA ba. Ya yi ƴan shekaru yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai har zuwa 2002. Da ya ga iyakar ƙafarsa, sai ya koma ga idonsa da iliminsa: ya fara aikin neman ƴan wasa ga ƙungiyar Orlando ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan ƙungiyar Denver, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA, a 2019 kuma ƙungiyar Toronto da yake shugabanta ta ci kofi. Ya bar ta a 2025. Tun 2003 ya kafa shirin Giants of Africa domin horas da matasan nahiyar.

Ko wanda ya kai ƙololuwa sai da ya sha zaman jira. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ya isa jami'ar Houston a 1980. Shekarar farko bai buga gasa ba, ta biyu kuma daga benci yake shigowa. Sai da ya yi hutu yana gwabzawa da Moses Malone, wani ƙaton ƙwararre, kafin ya zama abin tsoro. A 1984 shi aka fara zaɓa a NBA, ya ci kofi a 1994 da 1995. Daga Nijar ma akwai Abdoulaye Harouna, wanda ya yi wasa a jami'ar Miami ta jihar Ohayo, daga baya ya samu wurinsa a gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL da aka fara a 2021.

Saboda haka, uban da ɗansa ya yi fice a fili yana da abin yi tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya nema masa mai horaswa da zai gaya masa laifinsa. Ya bar shi ya kara da waɗanda suka fi shi, a Damagaram ko a Yamai, kafin a yi maganar ƙetare. Ya tsaya a kan bak da Ingilishi. In dillali ya zo da alkawarin biza da tallafin karatu yana neman kuɗi, a nemi sunan makarantar da takardarta, a bincika kafin a kwance ko akuya ɗaya. Malaman wasanni da hukumomin ƙananan hukumomi irin ta Ollelewa su ma da nasu: fili mai kyau da ƙwallaye isassu za su sa yara su koyi tushen wasa tun ƙashinsu yana ɗanye.

Raunin gwiwa ɗaya na iya raba saurayi da fili har abada, kuma ko mai sa'a ba ya cika wuce shekara 35 yana wasa. Takardar da ya samu a aji ita ce za ta ci da shi sauran shekarun.