Doktora a kan jami'a: a fara da tambaya kafin a zaɓi darasi

A shekara ta 1973, lokacin da makarantar ilimi mai zurfi ta Yamai ta zama jami'a, ita kaɗai ƙasar Nijar take da ita. A 2010 aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara da na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Takwas ke nan na gwamnati, banda jami'ar Musulunci ta Say da ta fara aiki a 1986, banda makarantu masu zaman kansu. Zancen jami'a ba ya ƙarewa a bakin jama'a. Ɗan kasuwan da ɗansa ya kwashe shekara biyar a kan lisansin shekara ukku yana yinsa, ma'aikacin da ƙanensa ke jiran kuɗin bursi yana yinsa. Amma masu zama su binciki jami'ar kanta, kamar yadda ake binciken ƙasar noma ko cutar masassara, ba su da yawa.

Alhali kuwa fanni ne mai cin gashin kansa. A Amurka da Ingila an daɗe ana ba da doktora a cikinsa, jami'ar Makerere ta ƙasar Uganda ma tana da makaranta musamman dominsa. A gida ba mu rasa wanda ya share hanya ba: Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda aka sanya wa jami'ar Yamai sunansa a 1992, masanin hasken rana ne, amma littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka har yanzu ana karantawa.

Wanda ya ƙudura wannan karatu, wajibi ne ya san irin tsarin da zai shiga. A Amurka ɗalibin doktora yakan yi shekara biyu ko fiye yana ɗaukar darussa, ya ci jarrabawa, sannan a ba shi izinin fara bincike. Mu kuwa tsarin Faransa muka gada, aka ɗora masa tsarin LMD da ƙungiyar UEMOA ta amince da shi a 2007: shekara ukku ta lisansi, biyu ta mastar, ukku ta doktora. A shekarun nan ukku na ƙarshe darussan aji kaɗan ne, yawanci tarukan ƙara wa juna sani. Sauran lokacin, daga ɗalibi sai mallamin da ke kula da shi. Ma'ana, shi ne zai tsara wa kansa abin da zai koya. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. Sai ka ga mutum yana bin kowane taro, yana tara takardun shaida, shekara ta zagayo bai iya faɗin abin da yake bincike a kai cikin magana guda ba.

A ganinmu tambaya ce ke zaɓen darasi. Ga misali. A shekarun 2018 da 2019 ƙungiyar mallaman jami'a, SNECS, ta yi dogon yajin aiki a kan batu guda: shin shugaban jami'a zaɓensa za a yi, ko gwamnati ce za ta naɗa shi? Ɗalibin da ya ɗauki wannan batu, karatun dokokin mulki ya kama shi, da ilimin zaman jama'a. Dole kuma ya san aikin Ba'amurken nan Burton Clark, wanda a 1983 ya nuna cewa ƙarfi ukku ne ke jayayya a kan kowace jami'a: gwamnati, kasuwa, da manyan mallamai. Sai dai ɗan Nijar zai lura da na huɗu, wato ƙungiyar ɗalibbai ta USN. Ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990 aka harbe ɗalibbai ukku a kadarkon Kenedi, abin da ya taimaka wajen buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Bayanin da ya manta da wannan ƙarfi bai bayyana jami'armu ba, kuma a irin wannan giɓi ne ake samun doktora mai amfani.

Wanda kuwa tambayarsa ita ce me ya sa shekarun karatu ke hawa kan juna, ko ɗalibbai nawa ne cikin ɗari ke kammala lisansi a kan lokaci, wannan lissafi ya kama shi, babu mafita. Martin Trow ya ce a 1973, muddin masu shiga jami'a ba su kai kashi 15 cikin ɗari na tsararsu ba, jami'a ta ƴan kaɗan ce. Nijar tana ƙasa da haka nesa, ga shi kuma azuzuwa sun cika maƙil, wasu suna sauraron darasi a tsaye. Ta ƴan kaɗan ce, amma tana fama da ciwon ta jama'a da yawa. Wannan ma tambaya ce.

Darasi guda ne ba ya jiran tambaya: Ingilishi. Mafi yawan abin da aka rubuta a fannin da shi aka rubuta.

Kafin a yi rajista, a fara zagaya wuraren da bayanai suke. Ofishin kula da bursi na ANAB, ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa, gidan ajiyar tsoffin takardu, ofisoshin rajista na jami'o'in jahohi: a je a gani da ido, me ke akwai, me za a yarda a nuna. Batu komai kyawunsa, in takardunsa suna cikin kabad ɗin da ba a buɗewa, shekara ukku ba za ta ishe shi ba. Cibiyoyi irin su LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, sun ƙware wajen binciken yadda ma'aikatun gwamnati ke gudana a zahiri, kuma ɗalibi zai ƙaru da su.

Sai maganar mallami. Ba kowane mai doktora ne ke da ikon jagorantar doktora ba. Sai wanda ya kai muƙamin da ya dace, kuma hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ita ke tantance waɗannan muƙamai. Tun da masanan wannan fanni ba su da yawa, sau da yawa dabara ita ce a haɗa biyu: ɗaya daga fannin ilimin koyarwa, ɗaya daga tarihi ko tattalin arziki, ko ma daga wata jami'a ta waje bisa yarjejeniya.

Ma'aikacin gwamnati da ya koma karatu yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san ƙofofi, ya san wa ke riƙe da makulli. Haɗarinsa guda ne, kada ya zauna ya rubuta yabon ofishinsa, ko ya huce haushin mai gidansa, ya kira shi bincike. Alƙalan da za su saurare shi ranar kare littafinsa sukan gane haka tun daga shafukan farko. Uban da ke biyan kuɗin karatu kuma, ba sai ya ji Faransanci ba. Bayan shekarar farko ya tambayi ɗansa da Hausa: me kake nema ka sani, wa ka je ka tambaya, shafi nawa mallaminka ya karanta ya maido maka?