Awo da Lissafi a Aikin Jinya

Duk shekara idan damina ta kankama a ƙasar Kafur, Malumfashi da Funtuwa, ruwa kan kwanta a gonakin masara da auduga, sauro ya yawaita, ɗakunan shan magani su cika da yara masu zazzaɓi. A irin wannan lokaci ne aikin ma'aikacin jinya ke ƙara nauyi, domin magani mai warkarwa shi ne kuma mai kisa idan aka kuskure awonsa. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran ba da magani na jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a kowace shekara.

Saboda haka ake koya wa ma'aikatan jinya ƙa'idoji biyar. Kafin a ba da magani sai a tabbatar da majiyyacin, da sunan maganin, da adadinsa, da hanyar shigarsa jiki, da kuma lokacinsa.

Adadi shi ne ya fi wuya, musamman ga yara, domin da nauyin jiki ake auna shi, ba da ƙiyasin ido ba. A ɗauki misalin allurar atesunet, wadda ake yi wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo. Ke nan mai kilo 12 zai sami miligiram 36. Idan ta jijiya za a yi, kowace mililita na ɗauke da miligiram 10, sai a ja mililita 3.6. Idan kuwa ta tsoka ce, haɗin ya ninka ƙarfi, sai a ja 1.8 kawai. Wanda ya rikita haɗin biyu ya ba yaro ninkin abin da ya dace ko rabinsa. Ana maimaita allurar bayan awa 12, sannan a awa ta 24.

Hanya ma tana da nata haɗarin. Kwinin ba a tura shi cikin jijiya kai tsaye; a cikin ƙarin ruwa ake sa shi ya ɗiga a hankali na kimanin awa 4, in ba haka ba jini ya faɗi, zuciya ta rikice. Allura a ɗuwawun ƙaramin yaro kuwa tana iya taɓa babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, ta bar shi da ɗingishi. Shi ya sa ake zaɓar cinya.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ɗora yaro a sikeli, da karanta rubutun kwalba sau uku, da rubuta abin da aka bayar nan take, ba sa cin minti biyar. Ɗaliban da ke burin wannan aiki su riƙe lissafi da kyau tun daga sakandare, domin da shi za su yi ta auna maganin marasa lafiya.