KOGIN BINUWAI: TUN DAGA GAƁA AKE TSARE JIRGI

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan Arewa mazauna Ikko, musamman direbobi da lebura da masu gadi da ke neman abinci a Apapa da Tin Can, sun saba ganin wani abin da mutanen gida ba su cika gani ba. Jirgin ruwa ya taso daga Turai ko Asiya, ya yi makonni bisa teku, amma da ya iso bakin Ikko sai ya dakata. Ba zai kutsa kai ba sai Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1955, ta aiko masa da jagora, watau gwanin matuƙi wanda ya san mashigin kamar tafin hannunsa. Shi zai hau jirgin ya bi da shi tsakanin alamomin da ke yawo bisa ruwa, ja a hagu, kore a dama, ƙananan jirage masu ƙarfi suna turawa suna ja, har ya daidaita a gaɓa.

Bugu da ƙari, kowane babban jirgi yana da zane a jikinsa wanda ke nuna iyakar lodi. In ruwa ya rufe zanen, to kaya sun yi yawa, hukuma ba za ta bari ya tashi ba. Tun 1876 aka sa wannan doka a Ingila, bayan wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya daɗe yana kuka a kan ma'aikatan jirgi da ke halaka saboda haɗamar masu kaya.

To, bari mu koma gida. Mutumin Abbare a Jalingo, Jihar Taraba, ba a bakin Binuwai yake zaune ba, amma kogin bai rabu da rayuwarsa ba. Daga can kifin da ke kasuwa yake zuwa, can ake noman shinkafa a fadamu, kuma mai zuwa Karim Lamido ta hanyar Lau dole ya sauka daga mota ya shiga jirgin fito, da shi da kayansa.

ZAMANIN JIRAGEN KAMFANI

Dattawa suna tune da lokacin da Binuwai take babbar hanyar ciniki. In damina ta yi nisa ruwa ya cika, jiragen kamfanonin U.A.C. da John Holt sukan taso daga Burutu da Warri, su biyo Kwara zuwa Lakwaja, su shigo Binuwai su wuce Makurɗi da Ibi da Lau da Numan da Yola, har Garwa a ƙasar Kamaru. Sukan kawo gishiri da siminti da man fetur, su koma da gyaɗa da auduga. Lokacin isa Garwa kuwa gajere ne, galibi watannin Agusta da Satumba. Wanda ya yi sanyin jiki sai ruwa ya janye ya bar masa jirgi bisa yashi.

Don haka ba a yin tafiyar da ka. Akwai jagorori 'yan ƙasa masu karanta fuskar ruwa, akwai masu auna zurfi da gora, ana kuma kafa alamomi a inda hanya ta bi. Dalili shi ne Binuwai kogi ne mai yashi, hanyar da jirgi ya bi bara tana iya zama tudu bana. A 1956 gwamnati ta kafa sashen kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wanda a 1997 ya zama hukumar NIWA mai hedkwata a Lakwaja.

Da tituna suka yawaita, manyan motoci suka karɓe dakon kaya, jiragen kamfani suka daina zuwa. Kogin ya koma hannun jiragen katako masu inji, waɗanda ke ɗaukar 'yan kasuwa da buhuna da babura da awaki gaba ɗaya. Matuƙansu sun san ruwa, ba a musu, amma tsarin da ke bayan jiragen da can bai biyo su ba.

ABIN DA YA FARU A 2023

Ran Asabar 28 ga watan Oktoba 2023, wani jirgi da ya taso daga kasuwar Mayo Ranewo a ƙaramar hukumar Arɗo Kola, ya nufi Binnari a Karim Lamido, ya kife a tsakiyar Binuwai. Rahotanni sun ce mutanen ciki sun haura 100, akwai mata da yara, aka kuma yi kwanaki ana neman fiye da 70. Alkaluman da aka riƙa bayarwa sun saɓa wa juna, abin da ke nuna muhimmancin rubuta sunan kowane fasinja kafin a kwance igiya.

Ba Taraba kaɗai ba ce. An yi irin wannan rashi a Warrah ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da Bagwai ta Jihar Kano a watan Nuwamban wannan shekarar, inda yawancin mamatan ɗaliban Islamiyya ne, da kuma Patigi ta Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 'yan biki suka rasu. Kusan kullum dalilan ɗaya ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, karo da kututture, tsufan jirgi, da rashin rigar kariya.

Doka kam akwai ta. NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Sai dai doka a takarda ba ta tsare jirgi. Ana bukatar mutum tsaye a kowace tasha, mai ikon cewa "ya isa", ko da fasinja suna gunaguni rana ta yi. Sarkin ruwa da ƙungiyar masu jirage sun fi kowa sanin wanda jirginsa ke yoyo. In hukuma ta jawo su a jika ta ba su iko, rabin aikin ya ƙare. Zanen iyakar lodi kuwa gwangwanin fenti guda zai wadatar da jirage masu yawa, littafin sunaye ma ba tsada gare shi ba.

A nan ne mazauna kudu ke da abin yi. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗin gina masallaci ko haƙa rijiya suna iya sa rigunan kariya cikin lissafinsu, su danƙa wa shugabannin tasha a gaban mai gari. Wanda kuma ya je ganin gida da Salla ya tarar jirgi ya nutse har baki, ya haƙura ya jira na gaba, ya kuma hana iyalinsa shiga. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba.