Lissafin Galois na shekaru kusan 200 na nuna hanyar da haske zai bi cikin gilashi

Idan aka jera siraran magudanan haske biyu kusa da juna a cikin gilashi, hasken ba ya zama a wadda aka saka shi. Yana tsallakawa kaɗan-kaɗan zuwa maƙwabciyarta har ya koma can gaba ɗaya, sannan ya dawo. A wayar gilashi mai magudanai da yawa, irin wadda kamfanonin sadarwa ke son amfani da ita don ƙara yawan bayanan intanet, wannan matsala ce, domin saƙon wani na kutsawa cikin na wani. Amma ga masu ƙera na'urorin lissafi da haske, wannan tsallakawar ita ce aikin.

Tambayar ita ce, idan magudanan sun yi yawa, ina hasken zai nufa? Amsar na fitowa daga ka'idar rukuni, wadda matashin Bafaranshe Évariste Galois ya aza harsashinta kafin ya rasu a 1832 yana da shekaru 20.

A ɗauki magudanai 6 da aka jera a da'ira, tazararsu ɗaya, kamar ado a bakin faifai. In aka juya faifan da digiri 60, ba wanda zai gane an taɓa shi. Juye-juye 6 da ke barin siffar yadda take su ne ake kira rukuni. Daga wannan kaɗai, ba tare da an auna komai ba, masana sun san cewa akwai salo 6 da haske zai iya tafiya da su ba tare da ya sauya fasali ba, kuma saurinsu iri 4 ne, domin salo biyu-biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Duk hasken da aka saka a magudana ɗaya gaurayen waɗannan salon ne.

Sakamakon na da ban mamaki. A da'ira mai magudanai 4, hasken na komawa dukkansa zuwa magudanar da ke fuskantar ta farko. A mai 6 kuwa, komai tsawon gilashin, abin da ke isa can ba ya wuce kashi 75 cikin 100. Ba laifin maƙera ba ne, siffar ce ta hana.

A jere miƙaƙƙe mai tazara ɗaya ma hasken watsewa yake yi. Sai a 2004 Matthias Christandl da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka ƙarfafa haɗin a tsakiya, aka sassauta shi a gefuna bisa wani ƙayyadadden ma'auni, tsarin na bin rukunin SU(2), wanda ke bayyana juyawar abu a sarari. Saƙon da ya shiga ta farkon jere zai fita ta ƙarshensa, tamkar an juya jeren ne. A 2013 masu bincike na Jena a Jamus da na Florida a Amurka sun gwada hakan da magudanai 19 da aka zana cikin gilashi da leza.

Wahalar na wajen ƙira. Tazarar magudanan ƴan mikromita ce, kuma kuskure kaɗan a guda ɗaya na karya daidaiton, salon da ke tafiya tare su rabu, wani ɓangare na hasken ya ɓace a hanya.