Dariya da Tsoro a Wasannin Ƙungiyar The League of Gentlemen

Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun saba raba shi gida biyu, watau na ban dariya da na ban tausayi. Amma akwai wani nau'i da ya ƙi zama a ɗayan gidajen nan, domin yakan ɗauko abubuwan da bisa al'ada ba a yi musu dariya, kamar mutuwa da hauka da kisan kai, ya gina raha a kansu. A wannan maƙala za a kira shi barkwanci mai ɗaci. Za a dubi wata ƙungiya ta ƙasar Ingila da ta yi fice a kansa, a ga su wane ne 'ya'yanta, da inda kowannensu ya dosa, da kuma matsalar da aikinsu ya bari.

Asalin Ƙungiyar

Mutum huɗu ne suka kafa ta, dukkansu 'yan arewacin Ingila: Mark Gatiss da Steve Pemberton da Reece Shearsmith da Jeremy Dyson. Ukun farko sun haɗu a kwalejin Bretton Hall, inda suka karanci wasan kwaikwayo. Shi kuwa Dyson falsafa ya karanta a Jami'ar Leeds. Sunan ƙungiyar aro ne daga wani fim na 1960. Sun faro daga ƙananan dandamali a Landan, har a 1997 suka ci lambar Perrier a bikin wasanni na birnin Edinburgh. A shekarar ce rediyon BBC ya ba su fili, sannan wasan ya koma talbijin daga 1999 zuwa 2002, cikin zango uku. Sun yi fim a 2005, suka kuma sake haɗuwa a 2017 domin shirye-shirye uku na musamman.

Tsarin Wasan

Wasan jerin guntayen fitowa ne, amma duk a wani ƙagaggen gari guda suke faruwa, mai suna Royston Vasey. Gatiss da Pemberton da Shearsmith su ke fitowa a matsayin kusan dukkan manyan mutanen garin, maza da mata, yayin da Dyson ya tsaya ga rubutu. Wannan dabara ta sa mai kallo yake jin kamar jama'ar garin duk jini ɗaya ne, ba su cuɗanya da kowa.

Jigon ma daga nan ya taso. Alal misali, Edward da matarsa Tubbs masu kanti ne da ba su son sayar wa kowa kaya sai ɗan gari, har sukan hallaka baƙon da ya shigo. Pauline ma'aikaciya ce da aka ɗora wa taimakon marasa aikin yi, amma wulakanta su take yi. Likitan dabbobi Chinnery kuwa mutumin kirki ne, sai dai dabbobin da aka kawo masa a hannunsa suke mutuwa. Watau abin da ake wa dariya shi ne ƙyamar baƙo, da zaluncin ƙaramin mai muƙami, da kyakkyawar niyya marar amfani.

Bayan Rabuwa

Ayyukan da suka yi daga baya sun nuna cewa tsoro da dariya tushe ɗaya gare su a wurinsu. Gatiss ya rubuta wa shirin Doctor Who labarai tun daga 2005, ya kuma haɗa kai da Steven Moffat suka ƙirƙiro Sherlock, wanda aka nuna daga 2010 zuwa 2017, inda ya fito a matsayin Mycroft. Pemberton da Shearsmith ba su rabu ba: sun yi Psychoville daga 2009 zuwa 2011, sannan Inside No. 9 daga 2014 zuwa 2024, mai zango tara, kowane shiri da labarinsa daban. Dyson kuma shi da Andy Nyman suka rubuta wasan dandamali na ban tsoro, Ghost Stories, a 2010, aka mai da shi fim a 2017.

Kammalawa

Irin wannan barkwanci yana da haɗari, domin sai an tantance wanda dariyar ta faɗa wa. Papa Lazarou, mai yawon wasa da satar matan mutane, da fuska shafe da baƙin fenti Shearsmith yake fito da shi. Ya bayyana cewa ba baƙar fata yake kwaikwayo ba. Duk da haka, shafa baƙi a fuska tsohuwar hanya ce ta yi wa baƙar fata ba'a, wadda ita kanta BBC ta nuna a wani shiri daga 1958 zuwa 1978. Saboda wannan ne Netflix ya janye wasan a watan Yuni na 2020. A kantin Edward da Tubbs, mai ƙyamar baƙo ne abin dariya. Wajen Papa Lazarou kuwa, baƙon ne da kansa ya zama dodo, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya tsananta bincike.