Tikiti Ɗaya, Ƙasashe 33: Yadda Matasa Ke Zaga Turai a Jirgin Ƙasa

Da zarar an ba da dogon hutu a Turai, sai tashoshin jirgin ƙasa su cika da ɗalibai, kowa goye da jakarsa. Da yawansu ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Sirrinsu wani tikiti ne mai suna Interrail, wanda aka fara sayarwa a 1972, yanzu kuma yana aiki a ƙasashe 33. Wanda ba mazaunin Turai ba, Eurail yake saye, kuma duk wanda bai wuce shekara 27 ba ana yi masa rangwame.

Za ka zaɓi kwanakin tafiya, misali kwana 7 cikin wata guda. A kowace rana daga cikinsu, ka hau jirgi iya son ranka.

Sai dai a kula: jirage masu gudu irin TGV na Faransa, da jiragen dare, sai an biya kuɗin kama kujera daban. Shi ya sa masu tsimi suke bin ƙananan jiragen yanki, ko da za a daɗe a hanya.

Kuma tikiti ba biza ba ne. Ɗan Najeriya ko Nijar sai ya fara samun bizar Shengen, Ingila kuwa tata bizar daban take.