Alat na Bogi: Dabarar da Tsuntsu Ya Riga Ɗan Damfara Sani

A dazukan ƙasar Hausa akwai wani ɗan tsuntsu da masana ilmin halittu ke kira Vidua, wanda ba ya wahalar gina sheƙa. Macen takan faki ido ta saka ƙwanta a sheƙar wani ɗan jan tsuntsu, ta yi gaba abinta. Idan aka ƙyanƙyashe, ɗan baƙon yakan buɗe baki mai ɗigo-ɗigo irin na 'ya'yan gida sak. Wannan alama ta cikin baki ita ce ke sa uwar gida ta zuba masa abinci. Wato ba ƙarfi aka fi ta ba, alamar da ta amince da ita aka kwaikwaya.

To, irin wannan dabara ce ta shigo kasuwanninmu. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin wasu takardun naira, kuma a farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi wuyar gani. Manomin Indabo da ya kai akuya ko buhun gero kasuwar Wudil ranar Juma'a ya wayi gari ana ce masa, "Kawo lambar asusunka, Baba." Waya ta yi ƙara, ga saƙo da sunan banki, ga adadin kuɗi daidai. Sai ya miƙa igiya.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fahimta shi ne, kuɗi da saƙo ba hanya ɗaya suke bi ba. Kuɗi na tafiya ne daga banki zuwa banki ta na'urorin hukumar NIBSS, wadda ta fara aikawar nan take a 2011. Shi kuwa alat rubutu ne kurum da ke biyo hanyar kamfanin waya. Sunan da ke bayyana a samansa ma ba hatimi ba ne. Ɗan damfara na iya rubuta suna mai kama da na banki ta hanyar manhajojin tura saƙonni da yawa. Haka hoton rasit da ake nunawa a fuskar waya: yaro mai wayo zai gyara shi cikin 'yan mintoci. Ba a tabbatar da shigar kuɗi sai mai kaya ya duba ragowar asusunsa da kansa, a wayarsa, ba a ta mai saye ba.

Mai saye ma bai tsira ba. Akan kira shi da murya mai ladabi, a ce daga banki ne, za a rufe asusunsa saboda matsalar BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka ɓullo da ita a 2014. Daga nan a nemi lambobin gaban katinsa, da ukun nan na baya, da lambar sirri da aka turo masa yanzu-yanzu. Da waɗannan kaɗai ana iya sayayya a intanet, katin na kwance a aljihunsa. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ko kusa.

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci, kuma hukumar EFCC na karɓar ƙorafi. Sai dai kafin takarda ta isa Kano, akuyar ta daɗe da hawa mota.